Ko Ƙusa Ɗaya

A Tallin, can cikin tsohon gari,
inda rana kan leƙo da hantsi in sanyi ya kama
ta koma gida la'asar ba ta yi ba,
akwai wani zauren fatake na da can,
shekara ɗari biyar da 'yan kai yana tsaye.
Hukuma ta sa masa hatimi: a gani, kar a taɓa.

Ni aka kira, Maarika, mai aikin lantarki.
Na zo da injin huda bango a jaka,
Endel mai gadi ya tare ƙofa,
gemunsa fari fat kamar ƙanƙarar kan rufi.
Ya ce, "Mayar da wannan mota.
Nan ko ƙusa ɗaya ba a bugawa.
Yaɓen bangon nan ya girmi kakan kakanki."

Na ce, "In wuta ta ɗauke fa, Baba?
Mutum ɗari biyu a bene,
matakala ɗaya tak, murɗaɗɗiya kamar ƙahon rago."
Ya ce, "Taki arba'in da uku ne.
Shekara talatin ina hawa ido rufe."
Na ce, "Kai ka sani. Baƙo fa?"
Ya ba ni hanya, bai ba ni fuska ba.

Sai na dawo da marasa jijiya:
'yan fitilu, kowacce tafin hannu ya rufe ta,
batirinta a ciki kamar gwaiduwa a ƙwai.
Ba waya, ba huji, ba ko ƙurar da za a share.
Wasu na ɗaure a ƙarfen dafawa,
wasu na zaunar a gindin mataki,
ɗaya bisa ƙofa, da ɗan koren mutum yana gudu
bai taɓa isa inda za shi ba.
A ɗakin mita na bar akwati mai kunne,
yana sauraron numfashin layi;
ranar da ya ji shiru, zai yi musu raɗa ta iska.

Endel ya dube su ya taɓe baki:
"Fitilar da ba ta ci, mene ne aikinta?"
Na ce, "Jira."
Ya ce, "Ashe abokan aikina ne."

Wata goma sha ɗaya suna jira.

Daren Janairu, iska ta taso daga teku,
yara na rera waƙa a bene, iyaye sun cika kujeru,
ni ma ina ciki, ɗan ƙanwata na layin baya.
Ɗif!
Duhu ya faɗo kamar an kifa tukunya.
Wata mata ta buɗe baki za ta yi ihu,
kafin ihun ya fito
sun farka, ɗaya na tashin ɗaya,
daga sama har ƙasa, kamar tsakiyar da aka zuba a zare.

Muka sauka a hankali, kafaɗa na gogar dutse.
A mataki na sha tara wata yarinya ta toge.
"Ku duba!"
Can ƙasa, daidai idon sawu,
inda fitilar rufi ba ta taɓa kai ido ba,
hasken da ya kwanto ta gefe
ya tono ɗan tafin hannu a jikin yaɓe,
yatsu biyar, na yaron da bai fi shekara huɗu ba.
Ɗan magini ne? Wa ya sani.
Ya dafa tun bango na ɗanye, ya gudu kafin a kama shi.

Da kowa ya fita, Endel ya durƙusa,
gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Ya kai hannu kusa, kusa,
ya tsaya saura kaurin takarda.
Doka ce, shi ma ta hau kansa.

Washegari na same shi a wurin
yana goge fitilar da bakin hannun rigarsa.
Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.
Har yau taki arba'in da uku ne,
sai dai a na sha tara yakan daɗe.